Martin Scorsese da tsofaffin finafinan da suka rene shi: tambayoyi da amsoshi

Idan masu kallon fim suka zauna hirar Martin Scorsese, ba a cika nisa ba sai zance ya bar finafinansa ya koma kan na wasu. Shi ya jawo hakan. Ka tambaye shi aikinsa, sai ya ɗauko maka labarin wani fim na 1948 da ya gani yana ɗan yaro, da sauri-sauri kamar ana korarsa. Ga tambayoyin da sababbin masu bibiyarsa suka fi yi, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Wane ne Scorsese, kuma me ya haɗa shi da tsofaffin finafinai?

Darakta ne ɗan Amurka, an haife shi a New York ranar 17 ga Nuwamba 1942. Kakanninsa na uba da na uwa duk daga tsibirin Sisili na Italiya suka yi ƙaura. Shi ya ba da umarnin Taxi Driver (1976), Raging Bull (1980), Goodfellas (1990) da The Departed (2006), wanda ya kawo masa kyautar Oscar ta gwarzon darakta bayan an daɗe ana tsallake shi.

Daraktoci da yawa suna son finafinan da, amma nasa son ya zama aiki na biyu. Ya shirya dogayen shirye-shirye yana karantar da mutane tarihin fim, ya nemo tsofaffin daraktocin da aka manta da su, ya kuma kafa gidauniyar da ta ceto finafinai sama da dubu daga lalacewa. Bayanin gidauniyar yana can ƙasa.

Yaya aka yi ya kamu da son fim tun yana ƙarami?

Ciwon asma ne sila. Ya tashi a titin Elizabeth, a unguwar 'yan Italiya da ake kira Little Italy a Manhattan, kuma ba ya iya gudu ko wasan ƙwallo da sa'o'insa. Iyayensa, Charles da Catherine, ma'aikatan masana'antar ɗinki ne, gidansu ba gidan littattafai ba ne. Abin da suka iya yi wa yaro mai shaƙewar numfashi shi ne su kai shi sinima. Ya sha ba da labarin ranar da mahaifiyarsa ta kai shi kallon Duel in the Sun (1946), fim ɗin kaboyi mai launi jawur wanda coci ta yi tir da shi, yana ɗan shekara huɗu. Tsoro ya sa ya riƙa rufe ido, amma abin ya zauna masa.

Sai talabijin. Akwai wani shiri a New York mai suna Million Dollar Movie da yake maimaita fim guda sau da yawa cikin mako ɗaya. A lokacin da babu kaset balle intanet, wannan ita ce kaɗai hanyar da yaro zai kalli fim ya sake kallo har ya gane inda kyamara ta tsaya da inda aka yanke hoto. Yana da shekara goma sha ɗaya ya riga ya fara zana finafinan kansa a takarda, hoto bayan hoto, har da sunayen jarumai da sunan kamfaninsa na ƙarya. Ya so zama limamin coci, ya shiga makarantar share fage, bai wuce shekara guda ba. Daga baya ya karanta fim a Jami'ar New York a hannun malaminsa Haig Manoogian, wanda ya sadaukar masa da Raging Bull.

Waɗanne finafinai ne ya fi ambata?

Amsar tana canzawa da ranar da aka tambaye shi, amma akwai shaida a rubuce. Mujallar Sight and Sound ta Ingila takan nemi daraktoci su zaɓi finafinai goma duk bayan shekara goma. A 2012 Scorsese ya kasa tsayawa a goma, ya aika goma sha biyu: Citizen Kane, Vertigo, The Searchers da 2001: A Space Odyssey daga ɓangaren Amurka, Paisà, 8½, The Leopard da Salvatore Giuliano daga Italiya, The Red Shoes daga Ingila, Ugetsu daga Japan, Ashes and Diamonds daga Poland, sai The River, wanda Bafaranshe Jean Renoir ya ɗauka a Indiya.

Ka lura da abu biyu. Kashi ɗaya cikin uku na Italiya ne. Kuma babu ko ɗaya da ya wuce 1968, wato duk ya gan su kafin ya zama wani abu. Bai taɓa barin kallon sababbi ba, amma waɗanda suka gina shi an gama yin su kafin ya cika shekara ashirin da shida.

Me ya sa finafinan Italiya suka yi masa wannan tasiri?

Saboda a cikinsu ya fara ganin danginsa. A ƙarshen shekarun 1940 wata tasha a New York tana nuna finafinan Italiya daren Juma'a. Iyali sukan taru a gaban ƙaramin talabijin baƙi da fari, kakanni da kawunnai duka. Paisà (1946) na Roberto Rossellini labarai shida ne na ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma na farko a Sisili yake. Yaron ya ji mutanen cikin akwatin suna magana da irin harshen da kakarsa take yi, ya waiwaya ya ga tsofaffin gidan suna hawaye. Ƙasar da suka baro ce ta zama kufai a gabansu.

Waɗannan finafinai, irin su Rome, Open City (1945) na Rossellini da Bicycle Thieves (1948) na Vittorio De Sica, an ɗauki yawancinsu a kan titi, da mutanen da wasunsu ba 'yan wasa ba ne, kan matsalar talaka. A Bicycle Thieves babban tashin hankalin shi ne an sace wa magidanci keken da yake aiki da shi. Darasin da Scorsese ya ɗauka shi ne rayuwar unguwarsu ta isa a yi fim da ita. Mean Streets (1973) daga nan ya fito, haka ma Italianamerican (1974), inda ya zaunar da iyayensa a falonsu suna ba da labari. A 1999 ya fitar da My Voyage to Italy, shiri na kusan awa huɗu, duk a kan wannan bashi.

Ana yawan cewa The Red Shoes ne fim ɗin ransa. Me ke cikinsa, kuma wane ne Michael Powell?

Fim ne na 1948 da Michael Powell da Emeric Pressburger suka yi a Ingila, kan wata matashiya mai rawar bale da aka tilasta mata zaɓa tsakanin rawa da mijinta. A farkon haɗuwarsu, mai kamfanin rawar ya tambaye ta dalilin da ya sa take son rawa, ita kuma ta mayar masa da tambaya: shi me ya sa yake son rayuwa? A tsakiyar fim ɗin akwai rawa ta kusan minti goma sha biyar wadda kyamara ba ta zauna a kujerar 'yan kallo ba. Ta shiga kan mai rawar, tana nuna abin da take ji da abin da take tsoro. Mahaifin Scorsese ne ya kai shi kallonsa bai kai shekara goma ba. Wanda ya san damben Raging Bull zai gane dangantakar, domin can ma kyamara tana cikin zoben dambe, sauti yana ɗaukewa yana dawowa kamar yadda yake yi wa wanda aka naushe.

Powell ya faɗi ƙasa warwas a 1960 da ya fitar da Peeping Tom, labarin mai kisa da yake ɗaukar hoton waɗanda yake kashewa. Masu sharhi a Ingila suka yi masa rubdugu, aiki ya ƙafe masa. Da Scorsese ya nemo shi a 1975, ya tarar da dattijo cikin talauci, wanda bai ma san akwai samarin daraktoci a Amurka da suka haddace aikinsa ba. Scorsese ya taimaka aka sake nuna Peeping Tom a bikin finafinai na New York a 1979, daga nan martabarsa ta fara dawowa.

Abota ce ta gaske, har ta shiga cikin aiki. Da aka nuna wa Powell hoton gwaji na Robert De Niro, jarumin Raging Bull, yana atisayen dambe, sai ya ce jan safar hannun ya yi yawa, yana ɗauke ido. Wannan magana tana cikin dalilan da suka sa aka yi Raging Bull baƙi da fari. Kuma ta hannun Scorsese Powell ya haɗu da Thelma Schoonmaker, mai haɗa wa Scorsese hotunan finafinansa, suka yi aure a 1984, suna tare har rasuwarsa a 1990. A 2024 aka fitar da Made in England, inda Scorsese ya zauna yana bin finafinan Powell da Pressburger ɗaya bayan ɗaya.

A ina zan ga sawun tsofaffin finafinai a cikin nasa?

Mafi girma shi ne tsakanin The Searchers (1956) na John Ford da Taxi Driver. A na Ford, John Wayne tsohon soja ne mai cike da ƙiyayya, ya shafe shekaru yana neman 'yar ɗan'uwansa da 'yan ƙabilar Comanche suka ɗauke, kuma mai kallo yana zargin kashe ta zai yi idan ya same ta. A Taxi Driver, wanda Paul Schrader ya rubuta, tsohon soja ne mai tuƙin tasi da ya ƙudurta ceto yarinya 'yar shekara goma sha biyu daga hannun kawali, ita kuwa ba ta roƙe shi ba. Mutum ɗaya ne a riga biyu. Tun a fim ɗin Scorsese na farko, na 1967, jarumin yana tsare budurwa da hirar The Searchers.

Ƙananan kuwa ba su ƙirguwa. A ƙarshen Goodfellas, Joe Pesci ya juyo ya harba bindiga a fuskar mai kallo, kamar yadda ɗan fashi ya yi a The Great Train Robbery na 1903. Saurin labarin Goodfellas, da muryar mai ba da labari da hoton da yake daskarewa, daga buɗewar Jules and Jim (1962) na François Truffaut ya samo su. A The Departed, alamar X tana bayyana a bango ko a taga kusa da wanda ajali ya kusanto, dabarar da Howard Hawks ya yi a Scarface na 1932. Hugo (2011) kuwa gaba ɗayansa girmamawa ce ga Georges Méliès, mai A Trip to the Moon (1902), wanda ya ƙare yana sayar da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa a Paris.

Wani lokaci ma mutanen kansu yake ɗaukowa. Bernard Herrmann, wanda ya yi kiɗan Citizen Kane da Vertigo da Psycho, shi ya yi kiɗan Taxi Driver, ya rasu a Disambar 1975 sa'o'i kaɗan bayan kammala naɗarsa. Saul Bass, mai tsara rubutun buɗe finafinan darakta Alfred Hitchcock, ya dawo ya yi wa Scorsese aiki tare da matarsa Elaine daga Goodfellas zuwa Casino (1995). Da Scorsese ya sake yin Cape Fear a 1991, sai ya ba Gregory Peck da Robert Mitchum, jaruman na 1962, ƙananan matsayi a ciki.

To wannan ba satar fasaha ba ce?

Ɓarawo ba ya kiran taro ya nuna gidan da ya shiga, Scorsese kuwa shi ne yake fara tona kansa. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne: abin da aka aro yana yin wani aiki a sabon wurin, ko an rataya shi ne don ado? Ɗauki kofin ruwan Taxi Driver. De Niro yana zaune cikin abokan aiki, ya jefa ƙwayar magani a ruwa, kyamara ta nutsa cikin kumfar har hirar mutane ta ɓace. An yi irinsa da kumfar giya a Odd Man Out (1947), Jean-Luc Godard ya yi da kofin gahawa a 1967. Wanda bai san ko ɗaya cikin biyun ba zai fahimci cewa mutumin nan ya yi nisa da jama'a ko yana cikinsu. Aron ya biya kuɗinsa.

Inda za a iya kama shi shi ne lokacin da son ya fi ƙarfin labarin, kuma hakan ya faru. Duba amsa ta gaba.

Wannan so ya taɓa cutar da shi?

Ya taɓa. Bayan Taxi Driver ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1976, sai ya yi New York, New York (1977) don girmama finafinan waƙa da rawa na Hollywood na shekarun 1940 da 1950. Ya gina titunan bogi a cikin sutudiyo kamar yadda ake yi a da, ya ɗauko Liza Minnelli, 'yar Judy Garland, tauraruwar irin waɗancan finafinai, da darakta Vincente Minnelli, sannan ya sa ita da De Niro su riƙa faɗan miji da mata na gaske, ba tare da bin rubutu sosai ba. Kayan biyu suka ƙi haɗuwa. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa, shi kuma ya shiga wani hali har ya kwanta asibiti a 1978. Yana da masoyansa a yau, amma a ganina ya fi daɗin tattaunawa a kan kallo.

Akwai kuma batun Elia Kazan, mai On the Waterfront (1954) da East of Eden (1955), finafinan da Scorsese ya ce a cikinsu ya ga fuskoki irin na unguwarsu. A 1952 Kazan ya ba kwamitin majalisar Amurka sunayen tsofaffin abokansa 'yan gurguzu, a zamanin da ambaton suna yake raba mutum da sana'arsa. Da aka ba shi Oscar ta girmamawa a 1999, Scorsese da De Niro ne suka miƙa masa, wasu manyan 'yan fim a zauren kuwa suka naɗe hannu suka ƙi tafi. Scorsese bai janye ba, a 2010 ma ya fitar da A Letter to Elia. Mai karatu zai iya yanke nasa hukuncin, amma a nan son aikin ya rinjayi tambayar halin mai aikin.

Me ake nufi da ceto fim? Fim yana mutuwa ne?

Ƙwarai kuwa. Har farkon shekarun 1950 ana ɗaukar fim a kan zare mai sinadarin naitiret, wanda yake ruɓewa, kuma in ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi. Gobarar rumbun kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta cinye mafi yawan finafinansa na zamanin da ba murya. Wasu kamfanonin da hannunsu suka zubar da nasu, ganin ba za su sake kawo kuɗi ba. Wani bincike na Laburaren Majalisar Amurka a 2013 ya gano kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa murya sun ɓace ɗungurungum. Zaren da ya gaje shi ba ya ƙonewa haka, amma yana tsami ya yi warin ruwan tsami ya motse. Na kala kuma yana kodewa ya koma ruwan hoda cikin 'yan shekaru. A 1980 Scorsese ya jagoranci 'yan fim suka matsa wa kamfanin Kodak lamba a kan wannan, kuma ba a daɗe ba kamfanin ya fito da zaren da launinsa ya fi jurewa.

A 1990 ya kafa The Film Foundation tare da abokai irin su Steven Spielberg, Francis Ford Coppola, George Lucas da Stanley Kubrick. Gidauniyar tana nemo kuɗi, rumbunan adana finafinai suna yin gyaran. The Red Shoes misali ne mai kyau na wahalar aikin. An ɗauke shi da kyamarar Technicolor mai zare uku, kowane launi da nasa, kuma da tsufa zarurrukan suka motse ba daidai da juna ba, ga fumfuna ta ci su. Sai da aka ɗauki hotuna sama da rabin miliyan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, aka goge, aka daidaita su. Aikin ya ci fiye da shekara biyu a rumbun Jami'ar UCLA da ke Los Angeles, aka nuna shi a Cannes a 2009.

Finafinan Amurka da Turai kaɗai yake kula da su?

A'a. A 2007 ya buɗe reshen da yanzu ake kira World Cinema Project, don ƙasashen da ba su da rumbu ko kuɗin gyara. Fim na farko da aka gyara shi ne Trances (1981) na Ahmed El Maanouni, kan mawaƙan Nass El Ghiwane na Maroko, wanda Scorsese ya ci karo da shi a talabijin da tsakar dare. Sai Touki Bouki (1973) na Djibril Diop Mambéty da Black Girl (1966) na Ousmane Sembène daga Senegal, Al-Mummia (1969) daga Masar, da Kalpana (1948) na Uday Shankar daga Indiya. A 2017 aka ƙulla yarjejeniya da UNESCO da ƙungiyar 'yan fim ta Afirka, FEPACI, da rumbun adana finafinai na Bologna a Italiya, don gyara finafinan Afirka hamsin. Soleil Ô na Med Hondo, ɗan Muritaniya, yana cikin na farko.

Japan ma tana da nata gurbin. Akira Kurosawa ya sa shi ya fito a matsayin mai zane Van Gogh a Dreams (1990), da jan gemu da bandeji a kunne.

Da gaske ya ce finafinan Marvel ba fim ba ne?

A Oktobar 2019 ya shaida wa mujallar Empire cewa ya gwada kallon waɗannan finafinai na jarumai masu ƙarfin ban mamaki bai iya ba, kuma sun fi kama da wuraren shaƙatawa masu lilo a kan abin da shi ya sani da sinima. Hayaniya ta tashi, sai ya yi dogon bayani a jaridar New York Times a watan Nuwamba. Ya yarda masu yin su ƙwararru ne. Kukansa biyu ne: an gwada su a kasuwa an goge duk wani haɗari kafin su fito, kuma sun cinye gidajen sinima har fim na daban ba ya samun allo. Shi kansa a shekarar sai Netflix ce ta ɗauki nauyin The Irishman.

Masu cewa tsufa ne suna da ɗan abin kamawa, domin finafinan kaboyi da na 'yan daba da ya taso a kai su ma kayan kasuwa ne, kamfanoni suna fitar da su a jere. Amsarsa tana cikin A Personal Journey with Martin Scorsese Through American Movies (1995), inda ya nuna yadda wasu daraktocin can baya suke yin fasaƙwaurin ra'ayinsu a cikin fim ɗin kasuwa, ba tare da mai kamfani ya farga ba. Abin da yake tsoro shi ne tsarin yau ya toshe wannan kafar.

Ban saba da tsofaffin finafinai ba. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da jerin goma sha biyun nan a tsaye, wasunsu suna da nauyi ga sabon shiga. Bi su bibbiyu: kalli na Scorsese da ka riga ka so, sannan ka koma ga wanda ya haife shi. Taxi Driver da The Searchers. Raging Bull da On the Waterfront, wanda De Niro yake maimaita jawabinsa a gaban madubi a ƙarshe. The Age of Innocence (1993) da The Leopard (1963), mai liyafar rawa ta kusan minti arba'in da biyar. Idan ba ka san nasa ba sam, Bicycle Thieves ya fi kowanne sauƙin shiga, kuma tsawonsa awa ɗaya da rabi ne.

Ka nemi kwafin da aka gyara, domin tsohon kwafi mai dishi-dishi ya sa mutane da yawa sun yanke wa fim mai kyau hukuncin da bai cancanta ba. Waɗanda gidauniyar ta yi wa aiki sukan rubuta hakan a allon farko kafin fim ya fara. Na World Cinema Project kuma kamfanin Criterion ya tattara su a faifai, da gajeren gabatarwa daga bakin Scorsese kafin kowane fim.